Sun Yat-sen: Likitan da ya sha kaye sau goma kafin ya ga bayan sarautar Sin

Gwamnatin Beijing da ta tsibirin Taiwan sun shafe sama da shekara 70 ba sa ga-maciji da juna. Kowace da tutarta, kowace da tsarin mulkinta, kuma har gobe jiragen yaƙi na shawagi a mashigin ruwan da ya raba su. Duk da haka akwai mutum ɗaya da ɓangarorin biyu ke cire wa hula. A Taipei, hotonsa ne a kan takardar kuɗi ta dala 100, kuma a gaban hotonsa sabon shugaba ke tsayawa ya yi rantsuwar kama aiki. A Beijing kuwa, duk ranar 1 ga Mayu da 1 ga Oktoba ana kafa ƙaton hotonsa a dandalin Tiananmen, yana fuskantar na Mao Zedong.

Sunansa Sun Yat-sen. Wanda ya duba tarihinsa sama-sama zai yi mamakin wannan girma da ake ba shi. Bai taɓa mulkar ƙasar Sin gaba ɗayanta ba. Shugabancin da ya yi wata uku ne kacal. Sau goma ƙungiyoyinsa na ɗaukar makami, sau goma ana murƙushe su. Ranar da juyin juya halin ya yi nasara ma ba ya ƙasar, a jarida ya gani. A wannan makon za mu bi sawunsa daga ƙauyensu har kabarinsa, mu ga abin da ya shuka mai kyau, da kuma ƙayar da ya bari a hanya.

Ƙasar da ya buɗi ido a cikinta

An haife shi ranar 12 ga Nuwamba, 1866, a ƙauyen Cuiheng da ke lardin Guangdong, kudancin Sin, kusa da Macau. A lokacin daular Qing ce ke mulki. Masu sarautar 'yan ƙabilar Manchu ne, tsiraru daga arewa maso gabas, waɗanda suka kama Beijing tun 1644 suka ɗora kansu a kan 'yan ƙabilar Han masu rinjaye. Alamar biyayya gare su a ka take: dole kowane namiji ya aske gaban kansa, ya bar dogon tukku kitsattse yana reto a gadon baya.

Kafin zuwan Sun duniya, bangon daular ya riga ya tsage. Ingila ta yaƙe ta daga 1839 zuwa 1842 saboda jami'an Sin sun ƙwace tare da lalata ofiyom, wani mugun kayan maye da fataken Turawa ke shigowa da shi daga Indiya. Sin ta sha kaye, ta sallama tsibirin Hong Kong, ta buɗe tashoshin jiragen ruwa biyar. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka shiga Beijing, aka wawashe fadar shaƙatawar sarki aka cinna mata wuta. A cikin gida kuma tawayen Taiping, wanda aka faro a 1850 aka gama a 1864, ya laƙume rayuka aƙalla miliyan 20. Baƙo a wasu unguwannin Shanghai ko Tianjin, ko me ya aikata, kotun Sin ba ta da ikon hukunta shi.

Ɗan manomi a makarantar Turawa

Mahaifin Sun ƙaramin manomi ne. Abin da ya sauya rayuwar gidan shi ne ci-rani. Yayansa, Sun Mei, ya tafi tsibiran Hawai neman kuɗi, ya dace, har ya mallaki gonaki da garken shanu. Shi ya ɗauki nauyin ƙanensa, wanda ya shiga makarantar Iolani da ke Honolulu a 1879 bai iya ko gaisuwa da Turanci ba. Bayan shekara uku, Sarkin Hawai na lokacin, Kalakaua, da hannunsa ya miƙa masa kyautar ƙwarewa a nahawun Ingilishi.

Da yayan ya lura yaron na karkata ga addinin Kirista, sai ya mayar da shi gida a 1883. Zaman bai yi tsawo ba. Shi da abokinsa na ƙuruciya, Lu Haodong, suka shiga ɗakin bautar ƙauyen suka lalata wani gunki, don su nuna wa jama'a cewa ba ya iya kare ko kansa. Gari ya ɗauki zafi, dole Sun ya tsere Hong Kong. A can ya karɓi addinin Kirista, ya ci gaba da karatu, daga bisani ya shiga kwalejin koyon likitanci. A 1892 ya kammala, yana ɗaya daga cikin ɗalibai biyu rak da kwalejin ta fara yayewa.

Ya buɗe aiki a Macau, amma hukumomin Fotugal masu mulkin wurin suka taka masa birki, wai takardar shaidarsa ba tasu ba ce. Ya koma birnin Guangzhou. Eh, Guangzhou ɗin nan da 'yan kasuwarmu na Kano da Legas ke zuwa saro kaya, nan ne ya zama fagen gwagwarmayarsa har ƙarshen rayuwarsa.

Da farko bai ɗauki hanyar tawaye ba. A 1894 ya rubuta doguwar takarda ga Li Hongzhang, jami'i mafi faɗa-a-ji a daular, yana ba da shawarar a gyara ilimi, a zamanantar da noma, a sauƙaƙa zirga-zirgar haja. Ya yi tattaki har Tianjin don ya miƙa ta. Li, wanda hankalinsa ke kan yaƙin da ke ƙoƙarin ɓarkewa da Japan, ko ganinsa bai yi ba. Daga nan Sun ya yanke ƙauna. A watan Nuwamban shekarar ya kafa ƙungiyar asiri a Honolulu mai suna Xingzhonghui, wato Ƙungiyar Farfaɗo da Sin, da mutum 20 da 'yan kai.

A 1895 Japan, ƙasar da Sinawa ke yi wa kallon ƙaramar maƙwabciya, ta lallasa daular Qing ta karɓe Taiwan. Sun ya ga dama ta samu, ya shirya kama Guangzhou a watan Oktoba. Asiri ya tonu, aka kama bindigogin da aka ɓoye cikin gangunan siminti. Aka cafke Lu Haodong aka kashe shi. Shi ne ya zana tutar nan mai farar rana a kan shuɗin fili, wadda har yanzu take kusurwar tutar Taiwan. Sun ya gudu Japan, ya datse tukkunsa, ya tsayar da gashin baki, ya sa kwat. Gudun hijirar da ya fara ke nan na shekara 16.

Kwana 12 a kulle a Landan

Da jami'an Qing sun ƙyale shi, mai yiwuwa da sunansa ya ɓace cikin jerin 'yan tawayen da ba su kai labari ba. Ranar 11 ga Oktoba, 1896, sai ga shi tsare a wani ɗaki na saman benen ofishin jakadancin Sin da ke Landan. Shirin shi ne a yi hayar jirgin ruwa a kai shi gida a asirce, da sunan mai taɓin hankali, inda hauni ke jiran sa.

Wani ma'aikacin gidan, Bature mai suna George Cole, wanda ke kai masa gawayin ɗumama ɗaki, shi ya yarda ya fitar masa da 'yar wasiƙa zuwa ga James Cantlie, malaminsa na likitanci a Hong Kong, wanda gidansa ke nan kusa. Cantlie ya yi ta safa da marwa tsakanin 'yan sanda da ma'aikatar harkokin waje. Da jaridar Globe ta fasa ƙwai, jama'a da 'yan jarida suka yi cincirindo a ƙofar ofishin. Gwamnatin Ingila ta matsa lamba, aka sake shi ranar 23 ga wata.

Wanda aka shiga da shi ba a san shi ba, ya fito duniya na ambaton sunansa. Ya rubuta littafi a kan abin da ya same shi, sannan ya shafe watanni a ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya yana nazarin siyasa da tattalin arziki. A titunan Landan ya ga abin da ya tsaya masa a rai: ƙasa mai arziki da ƙarfin soja, amma ma'aikatanta na kwana cikin ƙazanta da yunwa. Ya fahimci cewa korar sarki kaɗai ba za ta cika wa talaka ciki ba.

Ɗalibai, 'yan ci-rani da kaye goma

A 1901, bayan rikicin 'yan Boxer, ƙasashen waje suka ɗora wa Sin tarar azurfa tayel miliyan 450, kusan tayel guda a kan kowane ɗan ƙasa, a biya cikin shekara 39 da kuɗin ruwa. Dubban matasa suka kwarara Tokyo neman ilimin zamani, zukatansu cike da takaici. A cikinsu Sun ya samu sojojin da yake nema. A watan Agustan 1905 ƙungiyoyin 'yan tawaye suka dunƙule wuri ɗaya da sunan Tongmenghui, Sun a matsayin shugaba, Huang Xing na dafa masa baya, ga kuma wani matashi mai kaifin basira, Song Jiaoren. Yawancin membobin farko sa'o'inmu ne, 'yan shekara ashirin da ɗoriya.

Aikin Sun a waɗannan shekaru shi ne yawon neman kuɗi. Ya zaga Singafo, Penang, Hanoi, San Francisco da sauran wuraren da Sinawa 'yan ci-rani suke. Masu wanki da guga, masu haƙar kuza, masu gonakin roba, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Ya riƙa sayar musu da takardun lamuni da alƙawarin jamhuriyar da ba a kafa ba tukuna za ta biya su ninki. Yayansa Sun Mei ya zuba dukiya mai yawa, ƙarshe ma ya karye. Akwai wuraren da Sun ya bi ta bayan fage. A 1904 ya samo takardar shaidar cewa a Hawai aka haife shi, alhali ba haka ba ne, don ya kauce wa dokar Amurka ta 1882 mai hana Sinawa ma'aikata shiga ƙasar. Ya kuma haɗa kai da ƙungiyoyin asiri waɗanda ba duka ne masu tsarkin hannu ba.

Bore bayan bore, duk suka watse. Mafi ciwo shi ne na ranar 27 ga Afrilu, 1911, lokacin da Huang Xing ya jagoranci mutum ɗari da 'yan kai suka afka wa fadar gwamnan Guangzhou. Taimakon da suke jira bai iso ba. Huang ya rasa yatsu biyu. An tsinci gawa 72 aka binne su wuri ɗaya a tudun Huanghuagang, cikinsu har da ɗaliban da suka baro aji a Japan, wasunsu sun bar wa iyaye da matansu wasiƙun bankwana.

Wata uku a kan kujera

Nasarar ta zo ta inda ba a zata ba. A 1911 gwamnati ta ƙwace hanyoyin jirgin ƙasa da mutanen larduna suka zuba wa jari, don ta ci bashin ƙasashen waje da su. Lardin Sichuan ya harzuƙa, aka kwashi sojoji daga Hubei zuwa can. Ranar 9 ga Oktoba, wani bam da 'yan tawaye ke haɗawa a Hankou ya tashi bisa kuskure. 'Yan sanda suka gano jerin sunayen sojojin da ke cikin shirin. Da waɗannan sojoji suka ga ko sun yi shiru mutuwa ce, sai suka yi bore a Wuchang daren 10 ga Oktoba. Kafin wata biyu, fiye da rabin lardunan ƙasar sun ɓalle daga daular.

Sun na birnin Denver na Amurka yana neman gudummawa. Maimakon ya garzaya gida, ya bi ta Landan da Faris yana roƙon kada bankuna su ƙara ba Qing bashi. Ya sauka Shanghai ranar 25 ga Disamba. Bayan kwana huɗu wakilan larduna 17 suka kaɗa ƙuri'a, ya samu 16. Ranar 1 ga Janairu, 1912, aka rantsar da shi a Nanjing a matsayin shugaban wucin gadi na Jamhuriyar Sin.

Cikin 'yan makonnin nan gwamnatinsa ta ba da umarnin a datse tukku, a daina ɗaure ƙafafun 'yan mata don su tsumbure, a hana shan ofiyom da sayar da mutane. Taken "a kori Manchu" da aka yi amfani da shi wajen tara magoya baya ya riga ya jawo kisan dubban 'yan ƙabilar a birane irin su Xi'an, don haka sabuwar jamhuriya ta sauya harshe. Aka ɗauki tuta mai launi biyar: ja na Han, rawaya na Manchu, shuɗi na Mongol, fari na Musulmi, baƙi na mutanen Tibet.

Sai dai baitulmali wayam yake, sarki kuma na nan a Beijing, ga rundunar da ta fi kowace ƙarfi a hannun Janar Yuan Shikai. Aka yi ciniki: idan Yuan ya sa sarki ya sauka, Sun zai bar masa kujera. Ranar 12 ga Fabrairu, 1912, aka sanar da murabus ɗin Sarki Puyi, yaro ɗan shekara shida. Daular shekara 268 ta kau, tare da tsarin sarautar da ya haura shekara 2,000. Washegari Sun ya miƙa takardar ajiye aiki.

An ba kura ajiyar nama

Sun ya gindaya sharuɗɗa: babban birni ya zauna a Nanjing, Yuan ya zo can a rantsar da shi, ya kuma bi tsarin mulki. Yuan ya fake da wani boren sojoji a Beijing ya ƙi motsawa. Ya naɗa Sun shugaban hukumar shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa, shi kuwa ya karɓa da murna, ya shiga zaga ƙasa da taswira yana zana layuka. Masu yi masa shaguɓe suka laƙaba masa suna Sun Igwa, wai ƙara ce kawai.

Song Jiaoren ne ya ɗauki aikin siyasar. Ya mayar da Tongmenghui jam'iyyar Kuomintang, ta lashe kujeru mafi yawa a zaɓen ƙarshen 1912 da farkon 1913. Ana sa ran shi zai zama firaminista ya rage wa Yuan ƙarfi. Ranar 20 ga Maris, 1913, aka harbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Shanghai, ya cika bayan kwana biyu yana da shekara 30. Takardun da aka gano sun nuna hannun makusantan Yuan. A wata mai bi Yuan ya ciyo bashin fam miliyan 25 daga bankunan waje ba da yardar majalisa ba. Sun ya kira a ɗauki makami, aka murƙushe su cikin makonni, ya sake tserewa Japan. Yuan ya haramta Kuomintang, ya rushe majalisa, a ƙarshen 1915 ya ayyana kansa sarki. Larduna suka yi masa ca, ya janye bayan kwana 83, ya mutu a watan Yunin 1916. Ƙasa ta dare gida-gida a hannun madugan yaƙi, kowa da lardinsa da harajinsa.

Wannan kaye ya sauya Sun. Ya ɗora laifin a kan rashin biyayyar mabiyansa. Da ya kafa sabuwar jam'iyya a Tokyo a 1914, ya ce duk mai shiga sai ya rantse zai yi masa biyayya shi kansa, ya kuma dangwala yatsa. Huang Xing, wanda ya ba da yatsunsa saboda jamhuriya, ya ce bai ga bambancin wannan da mubaya'ar sarakuna ba, ya ƙi. A 1915 Sun ya rabu da matarsa ta fari, Lu Muzhen, ya auri sakatariyarsa Soong Ching-ling, wadda ya girme wa da shekara 26, auren da iyayenta suka yi adawa da shi.

Aƙidu uku

Tunanin Sun ya tattaru a abin da ya kira Aƙidu Uku na Jama'a, waɗanda ya yi wa bayani cikin laccoci 16 a Guangzhou a 1924.

Ta farko kishin ƙasa. A ganinsa, Basine na iya mutuwa saboda danginsa amma ƙasa ba ta dame shi ba, har ya kwatanta al'ummarsa da yashin da aka watsa, ba abin da ke riƙe ƙwaya da ƙwaya. Burinsa a soke yarjejeniyoyin danniya da aka tilasta wa Sin. Sai dai a nan akwai abin dubawa, domin daga baya ya riƙa maganar narkar da ƙananan ƙabilu su zama al'umma ɗaya, batun da har yanzu bai mutu ba a Tibet da Xinjiang.

Ta biyu ikon jama'a. Ya ce jama'a su ne masu mota, gwamnati direba ce da aka ɗauka aiki saboda ƙwarewarta. Jama'a su riƙe haƙƙi huɗu: zaɓe, tsige wanda suka zaɓa, gabatar da doka, da ƙuri'ar raba gardama. A kan rassa ukun da muka sani a darasin gwamnati, wato zartarwa, majalisa da shari'a, ya ƙara biyu daga tsohuwar al'adar Sin: hukumar jarrabawar ɗaukar ma'aikata, da hukumar sa ido kan jami'ai. Taiwan na aiki da waɗannan rassa biyar har yanzu.

Ta uku rayuwar jama'a. A nan ya ɗauko dabarar wani masanin Amurka, Henry George. Mai fili ya faɗi darajar filinsa da bakinsa. Idan ya tsawwala, harajinsa ya yi yawa. Idan ya rage don gudun haraji, gwamnati na da ikon saye a kan farashin da ya faɗa. Idan kuma darajar ta tashi saboda an kawo titi ko tashar jirgi, ƙarin na al'umma ne, tunda ba gumin mai filin ne ya kawo shi ba.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya liƙa wa aƙida ta biyu. Ya ce ba za a kai ga dimokuraɗiyya kai tsaye ba, sai an bi matakai uku: mulkin soja don haɗe ƙasa, sannan lokacin reno inda jam'iyya ɗaya za ta koya wa jama'a mulkin kai tun daga gunduma, sannan mulkin tsarin mulki. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hannun da ya miƙo daga Mosko

Sau uku Sun na kafa gwamnati a Guangzhou, yana dogaro da bindigogin madugan yaƙin kudu. Sau biyu suna juya masa baya. A watan Yunin 1922 sojojin Chen Jiongming, wanda ya fi son kowane lardi ya ci gashin kansa a tsarin tarayya, suka yi wa fadarsa ruwan harsasai. Ya tsira a jirgin ruwan yaƙi, inda wani hafsa mai suna Chiang Kai-shek ya zo ya zauna tare da shi makonni, ya samu shiga zuciyarsa.

Ya nemi taimakon Amurka da Ingila, ba su kula shi ba. Tarayyar Sobiyet ce ta amsa. A 1923 aka turo masa mashawarci, Mikhail Borodin, wanda ya sake gina Kuomintang a kan tsarin jam'iyyar Lenin, umarni daga sama zuwa ƙasa. Aka buɗe wa 'yan kwaminis ƙofar shiga, cikinsu har da matashi Mao Zedong. A 1924 aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta Whampoa da kuɗi da makaman Rasha, Chiang na shugabanta, Zhou Enlai na kula da sashen siyasa. Hafsoshin da za su yaƙi juna nan gaba a aji ɗaya suka zauna. A shekarar ce kuma dakarun Sun suka murƙushe rundunar sa-kai ta 'yan kasuwar Guangzhou, gobara ta cinye wani yanki na unguwar kasuwanci.

A ƙarshen 1924 ya tafi Beijing don tattauna haɗe ƙasa, ciwon daji na cin sa. Ya rasu ranar 12 ga Maris, 1925, yana da shekara 58. A wasiyyarsa ya shaida wa mabiyansa cewa aiki bai ƙare ba. A 1929 aka mayar da gawarsa wani ƙasaitaccen makwanci a gefen dutse a Nanjing, wanda sai an taka matakala 392 ake isa gare shi.

Gado ɗaya, magada biyu

Shekara biyu da rasuwarsa, a watan Afrilun 1927, Chiang ya juya kan 'yan kwaminis a Shanghai aka yi musu kisan kiyashi. Yaƙin basasar da ya biyo baya ya kai 1949, lokacin da Mao ya kama Beijing, Chiang ya tsallaka Taiwan. Rabuwar ta shiga har cikin gida: matar Sun ta zauna tare da 'yan kwaminis, aka ba ta muƙamin shugabar ƙasa ta girmamawa gab da rasuwarta a 1981, ƙanwarta Soong Mei-ling kuwa ita ce matar Chiang. Kuomintang ta ba Sun laƙabin Uban Ƙasa a 1940. 'Yan kwaminis na kiran sa babban majagaban juyin juya hali. Kowa ya yanki ɓangaren da ya yi masa daɗi a maganganunsa.

Wasu mafarkansa da aka yi wa dariya sun tabbata. A littafinsa kan raya Sin ya tsara hanyoyin jirgin ƙasa na mil 100,000, kimanin kilomita 160,000, tsawon da Sin ta cimma a 2024. Shi ya fara kawo shawarar datse kogin Yangtze a 1919, a yankin da madatsar ruwan nan mafi ƙarfin lantarki a duniya take yau. A Taiwan, daga 1949 zuwa 1953, an rage kuɗin hayar gona zuwa kashi 37.5 cikin 100 na amfanin da aka girbe, sannan aka mallaka wa manoma gonakin da suke nomawa, da sunan aƙidarsa ta uku. An sauya wa gundumarsu suna zuwa Zhongshan, sunan da Sinawa suka fi sanin sa da shi, kuma da wuya ka shiga babban birni a Sin ba ka ga titi ko lambu mai wannan suna ba. Jami'ar da ya kafa a Guangzhou a 1924 na ɗauke da sunansa. Ranar rasuwarsa ita ce ranar dashen itatuwa a ɓangarorin biyu.

Mu koma kan lokacin reno. Gwamnatin Chiang ta ce shekara shida zai ɗauka, ya ƙare a 1935. Tsarin mulki bai fara aiki ba sai ƙarshen 1947, nan da nan kuma aka jingine muhimman sassansa da sunan yaƙi. Taiwan ta zauna ƙarƙashin dokar soja daga 1949 zuwa 1987. Sai a 1996, shekara 71 bayan rasuwar Sun, mutanen tsibirin suka zaɓi shugabansu kai tsaye, bayan ɗaurin da 'yan adawa suka sha da zanga-zangar ɗalibai ta 1990. A babban yankin Sin kuwa jam'iyya ɗaya ce ke riƙe da mulki har yau. Sun ya faɗi wanda zai yi renon, amma bai tanadi wanda zai tilasta wa mai reno ya sauke yaro idan ya yi ƙafa ba. A namu ganin, wannan giɓi ya fi duk kayen da ya sha a fagen fama tsada.

Abin tattaunawa

Muna ba ƙungiyoyin muhawara na makarantunmu shawarar su ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan batutuwa biyu. Na farko: da Sun ya sauka ya bar wa Yuan kujera a 1912, ya ceci ƙasarsa daga zubar da jini ne, ko kuwa ya jinkirta shi ne kawai ya kuma ƙara masa yawa? Mai kare shi zai ce ba shi da kuɗi ba shi da runduna, kuma cikin makonni shida ya samu abin da bore goma suka kasa samarwa. Mai suka zai nuna gawar Song Jiaoren da shekarun madugan yaƙi. Na biyu: idan shugaba mai kyakkyawar niyya ya ce jama'a ba su isa zaɓar wa kansu ba tukuna, wa ke da hurumin cewa yanzu sun isa, kuma me za a yi idan magajinsa ya ƙi yarda?

Ku tattauna da malamanku na tarihi da na gwamnati, ku aiko mana da abin da kuka cimma. Za mu buga waɗanda suka fi ƙarfin hujja a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.